Firaim namba da Hausa: ni dai "gagara-rabo" na tsayar

1/ 'Yan'uwa malaman lissafi na Jos, ga wata magana. Jiya a aji wata ɗaliba ta ce min, "Malam, ashe firaim namba ita ce mara?" Ban ga laifinta ba. Muna da mara da cika tun zamanin kakanni, amma wannan lambar, wadda babu lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, ba mu raɗa mata suna ba, shi ya sa yara ke cusa ta cikin mara.

2/ Ba ɗaya ba ne. 91 mara ce, amma 7 sau 13 ke nan, ta rabu. 2 kuma cika ce, ga shi firaim ce, ita kaɗai a duk dangin cika.

3/ Na ga masu rubuta "lamba ta farko". Wannan bai yi min ba sam. Yaro zai ɗauka 1 ake nufi, alhali 1 ba ta ma cikinsu.

4/ A kasuwar Farin Gada na samo bakin zaren. Mai tumatir 12 zai kasa su uku-uku, huɗu-huɗu ko shida-shida, ba saura. Ba shi 13 ka gani. Duk yadda ya juya sai wani kashi ya fi wani, sai dai ya jera su ɗai-ɗai ko ya bar su a dunƙule. Ta gagari rabo. Ƙirar kalmar kuma tamu ce, irin ta gagara-badau da gagara-gasa. Na so in ce gagara-kashi don ya fi kusa da bakin 'yan kasuwa, amma a rubuce kashi na da wata ma'ana, ajin zai watse.

5/ Wani abokin aiki ya ce ai tana rabuwa da 1 da kuma kanta. Gaskiya ne. To amma wanda ya ba mutum ɗaya duka kayan, rabo ya yi?

6/ Ku gwada sunan a manyan lambobi. Akwai jinsin da ake jinginawa ga Marin Mersenne, malamin coci Bafaranshe da ya rasu a 1648: a jera 2 sau kaza, a ninka su, a ɗebe 1. Jera 13 ya ba da 8,191, gagara-rabo ce. Jera 11 ya ba da 2,047, sai ka rantse ita ma haka take, ashe 23 sau 89 ce. A Oktoban 2024 wani Ba'amurke mai suna Luke Durant ya gano wadda aka jera 2 sau 136,279,841, alƙalumanta 41,024,320. Duk girman nan ba ta rabuwa. Kuma ba ita ce ta ƙarshe ba, domin tun kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid, masanin lissafi Bagirke, ya tabbatar lambobi gagara-rabo ba su da iyaka.

7/ Jam'i ba wahala: lambobi gagara-rabo. Irin su 12 da 91 da 2,047 kuwa, "mai rabuwa" nake ce musu a allo. Ranar Litinin da su zan shiga aji, wanda ke da gyara ya kawo kafin nan.