Ɗaukar kiɗan biki da ƙaramin kaya: ganga tana cinye muryar zabiya

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masu aikin sauti. Ƙaramar ƙungiya ce a nan Kumasi: zabiya ɗaya, 'yan amshi uku, kalangu biyu da ganga ɗaya. Galibi ƙarƙashin kanofi ake wasan, a bakin layi, ranar aure ko suna. Wani lokaci akwai mai sifika da miksarsa, wani lokaci babu. Da waya ake ɗauka yanzu, amma da ganga ta shigo sai sautin ya fashe, murya ta nutse, ko baiti ɗaya ba a ji. Ina neman kayan da za su shiga jakar goyo ɗaya, mutum ya ɗauka ya hau trotro, wato ƙaramar motar haya. Me zan saya, kuma ina zan kafa shi?

Mai Sauti Sawaba:

Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Abu biyu ne ke damun wayar. Makirufonta don magana aka yi shi, ba ya jure bugun ganga daga kusa. Sannan ita ke ɗagawa da sauke ƙarfin sauti da kanta: ganga na bugawa sai ta danne komai, har da muryar, kafin ta dawo daidai an sake bugawa. Sautin da ya fashe tun wajen shiga kuwa, babu manhajar da za ta ɗinke shi.

Nemi ƙaramar rikoda mai makirufo biyu a kanta da ramukan XLR biyu (inda ake jona kebul ɗin makirufo) a gindinta, irin Zoom H4n Pro, Zoom H5 ko Tascam DR-40X. Dukkansu suna ɗaukar layi huɗu a lokaci guda, kuma nan ne maganin matsalarka yake. Na kanta biyun su ɗauki filin gaba ɗaya, wato ganguna da tafi da guɗa. Ramin farko ka ba zabiya makirufon hannu, irin dainamik, wanda ba ya buƙatar wuta, kamar Shure SM58. Rami na biyu na 'yan amshi ne, su ukun su kewaye guda ɗaya. Tunda kowa na kan layinsa, idan ka koma gida sai ka ɗaga murya ka sauke ganga yadda kake so.

Kada ka ba ganga ko kalangu makirufo. Ko daga bayan layi ana jin su.

Wurin kafawa ya fi sunan rikodar muhimmanci. Ɗora ta a kan sanda mai ƙafa uku, tsayin kamar mita 2, nisan mita 2 zuwa 3 daga makaɗa, ka ɗan sunkuyar da kanta tana kallon su. Idan ta yi ƙasa, hirar masu zama a kujerun gaba da ƙarar jan kujerar roba za ka kwaso. A kan tebur kuma duk wanda ya ajiye kofi sai ka ji shi kamar aradu. Ramin da ke bayanta na sandar kyamara ne, kwatan inci, saboda haka in sandar makirufo gare ka sai ka haɗa da ɗan adafta.

Ga lissafin da za ka riƙe: a fili, duk lokacin da nisa ya ninka, sauti na raguwa da kusan desibel 6. Bakin zabiya na nisan yatsu biyu ko uku daga makirufonta, ganga na nisan mita 3, ka ga murya ta yi rinjaye ba tare da ka taɓa komai ba. Amma da ta sauke hannu zuwa ƙirji don ta karɓi liƙi, rinjayen ya tafi. Ka gaya mata tun kafin a fara. Kuma irin wannan makirufo ta bayansa ne ya fi kurumta, don haka zabiya ta fuskanci makaɗa in zai yiwu, gindin makirufon na nuna su. In ta ba su baya, gangar na shiga kai tsaye ta saman kafaɗarta.

Saitin fayil a cikin rikodar: WAV, 48 kHz, bit 24. Kashe saitin da ke daidaita ƙarfi da kansa. Ka sa mai ganga ya buga iya ƙarfinsa, ka juya maɓalli har mizanin ƙarfin sauti ya tsaya wajen desibel -12. Makaɗi bai taɓa buga gaskiyarsa a gwaji ba, sai an fara yi masa liƙi, shi ya sa ake barin wannan sarari.

Hajiya Mai Kyamara:

Malam Sawaba ya gama magana a kan ranar da babu sifika. Ranar da akwai kuwa, lissafin ya canza, domin makirufon zabiya yana hannun mai miksa, ba za ta riƙe biyu ba. Sai ka roƙe shi layi ɗaya daga miksar. Layin gefe da ake cewa AUX ya fi, ya turo maka muryoyi zalla. In ka karɓa daga babban layin da ke zuwa sifika, duk ekon da ya zuba da duk ihun mai gabatarwa sun zama naka har abada.

Abin da ke fitowa daga miksa ya fi na makirufo ƙarfi nesa ba kusa ba. A DR-40X ka tura maɓallin gefe zuwa LINE, a H5 ka kunna PAD mai rage desibel 20. In ba haka ba, mizani zai nuna maka lafiya lau alhali sautin ya riga ya ƙone a bakin ƙofa. Wutar fantom mai volt 48, wadda rikoda ke tura wa wasu makirufo, kuma ka bar ta a kashe: makirufon dainamik ba ya buƙatarta, miksa ba ta son ta, ga shan batir.

Idan ka ji wani ƙugi mara yankewa a ƙasan sautin, wutar 50 Hz ɗinmu ce ta biyo waya. Yawanci yana zuwa ne idan rikoda na jone da caja a soket ɗaya, miksa a wani, ko ana kan janareta. Cire cajar ka koma batir, sau da yawa shi ke nan. Kebul ɗin sauti kada ya kwanta jere da wayar wuta, in dole su haɗu to su gicciye.

Sai jinkiri. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato kowace mita na cin kusan milisakan 3. Rikoda na nisan mita 6 daga sifika, abin da makirufonta ya ji ya makara da milisakan 17 ko 18 a kan na miksa. Ka haɗa su haka sai muryar ta yi kamar daga cikin randa. Wani ya tafa hannu sau ɗaya a makirufon zabiya kafin a fara, a manhajar gyaran sauti ta Audacity sai ka ja layin har tsinin tafin biyu su hau kan juna.

Injiniya Alabar:

Ni ban yarda dole sai layi huɗu ba. In kuɗi bai kai ba, Zoom H1n kaɗai ta isa a fara, muddin an jera mutane da kyau: zabiya mita 1 daga rikoda, 'yan amshi a bayanta, makaɗa can baya mita 3 ko 4. Jeren ya zama miksarka. Illarta, in taro ya rincaɓe jeren ya watse, babu gyara. Rikodoji masu tsarin ɗauka na 32-bit float, irin H1essential, sun ɗauke maka wahalar saita ƙarfi, amma in ka manna su a bakin ganga makirufon kansa zai iya shaƙewa.

Ƙananan abubuwan da ke kashe aiki: soson da ke zuwa da rikoda ba ya tare iskar waje, sayi hular gashi ta makirufo, ka kunna saitin da ke yanke sautin ƙasa-ƙasa a wajen 80 Hz in iska ta matsa. Layi biyu a saitin da Malam ya faɗa na cin kusan giga 1 a awa, layi huɗu giga 2, don haka kati mai giga 32 ya wadatar. A cikin rikodar za ka yi masa fomat, ba a kwamfuta ba. Batir alkalin ko masu caji na NiMH, da saiti biyu a aljihu. Masu arhar nan na tocila ba sa kai ko'ina, kuma in suka mutu ana tsakar ɗauka, fayil ɗin na iya tafiya da su. SM58 na jabu sun cika kasuwa, ka gwada da rikodarka da hedifon kafin ka biya.

Ɗan Aboabo:

Allah ya saka da alheri. Hajiya, an ce DR-40X na ajiye kwafi na biyu mai ƙarancin ƙarfi don tsaro. In kunna shi tare da layi huɗun?

Hajiya Mai Kyamara:

Ba sa haɗuwa, ƙanena, ɗaya za ka zaɓa. Kwafin tsaron na cin layi biyu daga cikin huɗun. Ɗauki layi huɗu, ka sauke na kan rikodar zuwa -18 tunda su ke fuskantar ganga, ka bar na muryoyi a -12. Hedifon mai rufe kunne ya zauna a kanka har a tashi, domin mizani ba ya nuna kebul ɗin da wani ya taka ya fara ƙarƙar.