Mun sabunta sashen lada, kwamfutocin gwaji sun rabu gida biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar manhaja. Ina neman shawara a kan wani ƙaramin dandalin sada zumunta da muke ginawa a kan bulokcen (blockchain), wato kundin bayanai da kwamfutoci da yawa ke riƙewa tare, ana ƙara masa shafi-shafi da ake kira bulok. Mun raba shi sashe-sashe: na rubuce-rubuce daban, na ƙuri'a da rabon lada daban, don kowanne ya sabuntu ba tare da taɓa ɗan uwansa ba.

Sashen rubutu bai ba mu wahala ba. Amma da muka sauya lissafin lada a sarkar gwaji, kwamfutocin da suka ɗora sabuwar manhajar suka sake karanta tarihin daga bulok na farko sai suka fitar da adadi daban da na waɗanda suka ci gaba daga inda suke. Yanzu kowane ɓangare yana ƙin bulok ɗin ɗayan. Zargina shi ne sabuwar ƙa'idar tana hawa kan tsofaffin ƙuri'u.

Na ga yadda bulokcen ɗin sada zumunta ta Hive, wadda ta ɓalle daga takwararta Steem a 2020, ta ware Hivemind, sashenta na harkar sada zumunta, daga manhajar yarjejeniya wadda da ita kwamfutoci ke amincewa da bulok, kuma babban sauyi ba ya aiki sai mafi yawan manyan shaidu, wato waɗanda aka zaɓa su riƙa fitar da bulok, sun ɗora shi. To shin lissafin lada zai taɓa zama sashe mai cin gashin kansa, ko dole mu ɗaure sauyin da lambar bulok ɗin da zai fara aiki?

Sannan masu gwajinmu, Allah ya saka musu, rubutu kawai suke yi su tafi, babu mai sake karanta tarihi. Wace dabara kuke bi su gwada wannan ɓangaren?