Titus da mai ciki: in ci gaba da ci ko in haƙura?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku cire ni daga duhu. Cikina wata biyar, na uku ke nan, kuma a wannan karon in ba kifi ba babu abin da ke shiga da daɗi. Nama ko ƙamshinsa ba na so, har sai da na roƙi Baban Ilham ya daina shigo mana da tsire. Amma titus, in na soya shi da attaruhu da albasa ko na jefa shi a miyar kuɓewa, sai in tashi da malmala biyu. Sau uku nake ci a sati, wani satin huɗu.

Shekaranjiya Yaya ta turo mini wani saƙon murya a WhatsApp. Wata mata ce ta yi kusan minti bakwai tana bayani, wai duk kifin ƙanƙara daga can ƙasan teku ake kamo shi, inda dattin masana'antu ke taruwa, wai akwai zaiba, ƙarfen nan mai guba da Turawa ke kira mercury, a jikinsa, tana ratsa mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Har kirefish ɗin da muke dakawa a miya ba ta bari ba, wai ƙarfe ne a ciki. Tun da na saurara ban sake kai kifi bakina ba, ga kusan rabin katan a firiza. Awona sai nan da sati biyu, kuma kun san layin awo, ba wurin doguwar tambaya ba ne. Gaskiya ce maganar nan? In gaskiya ce, wanda na riga na ci fa?

Malamin Kimiyya:

Wa alaikumus salam. Maman Ilham, ki kwantar da hankalinki. Matar nan ta ɗauko gaskiya ne ta ɗora wa kifin da ba shi da laifi.

Zaiba a kifi gaskiya ce. Yawancinta daga hayaƙin ƙona gawayin kwal take fitowa, da kuma wurin masu haƙar zinare da ke amfani da ita wajen tsince zinaren. Ta tashi sama, ruwan sama ya sauko da ita teku, ƙwayoyin halitta su juya ta zuwa wani nau'i da jiki ke riƙewa. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye ƙaramin ya gaji abin da ke jikinsa, a haka har a kai kan wanda ba mai cin sa. Shi ya sa ba zurfin ruwa kawai ake dubawa ba. Me kifin yake ci, kuma shekara nawa ya yi yana ci? A can zurfi akwai wani jan kifi da ake kamawa a wajen Niyu Zilan, yana haura shekara 100 a raye. Irin wannan dole ya tara. Haka kifin shak, da mai dogon baki kamar takobi, da wasu manyan tuna. Su ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce mai ciki ta guje su. A cikinsu wanne kika taɓa gani a kan tiren mai kifi a unguwarku?

Titus ba kifin ƙasan teku ba ne. A saman ruwa yake yawo garke-garke a arewacin tekun Atlantika, wajen Nowe da Birtaniya, kuma ƙananan halittu yake ci. A ma'aunin hukumar nan, zaibar da ke jikinsa kusan kashi ɗaya ce cikin ashirin na ta mai bakin takobi. Suna ne ke rikita mutane: yana da wani ƙaton ɗan'uwa da Turawa ke kira king mackerel, shi ne ke cikin waɗanda aka hana, sai masu tura saƙo su haɗa su su yi musu kuɗin goro. Titus da shawa da panla da sardin na gwangwani duk suna cikin jerin da aka ce mai ciki ta ci sau biyu zuwa uku a sati, kowane ci yanka kamar faɗin tafin hannunta. Kin ga abin da kike yi ke nan. Satin da kike kaiwa huɗu ki mayar da shi uku, ki riƙa canzawa da shawa ko karfasa.

Asalin tsoron kuma daga Minamata ne, wani gari a Japan. A 1956 aka gano cutar, bayan wata masana'antar sinadarai ta ɗebe shekaru tana zuba ruwan zaiba a gaɓar da masunta ke kamun kifi. An haifi yara da nakasa alhali iyayensu mata ba su nuna wata alama mai yawa ba. Abin tausayi ne ƙwarai, amma mutane ne da ke cin kifin gurɓataccen wuri guda safe da yamma.

Ni abin da ya fi damuna shi ne ki daina ci. Kin ce nama ba ya shiga. Man da ke jikin titus, wanda ake kira omega-3, da shi ake gina ƙwaƙwalwa da idon jaririn, musamman a watannin ƙarshe da kike shirin shiga. Ga bitamin D da B12, ga aidin. Ranar awo ki gaya musu yawan da kike ci, ko a tsaye ne.

Mai Ɗakin Sanyi:

Malam ya yi nasa na littafi, bari in yi nawa na kasuwa. Shekarata 14 ina sayar da kifi katan-katan. Hajiya, ni ban taɓa ganin zaiba da idona ba, amma na sha ganin kifin da ya narke aka sake daskarar da shi.

Ki lissafa tafiyarsa. Daga jirgi zuwa Legas, daga Legas a hau mota kwana biyu ko uku zuwa Arewa, in mota ta lalace a hanya sai yadda hali ya yi. Ya iso, a ɗauke wuta, dizal ya yi tsada, wani ya kashe janareta da dare don ya rage asara. Da safe ya kunna, kifi ya sake ƙanƙara, mai saye bai san komai ba. Ba kowa ke yi ba, amma ana yi. Na taɓa karɓar kaya katan talatin daga wani dila, da na buɗe na ga jini ya daskare a gindin leda, katan ya jiƙe ya bushe ya yi taswira. Mayar masa na yi, muka yi wata uku ba ma gaisawa.

In za ki saya, ki duba waɗannan. Kifi mai kyau a miƙe yake, zanen bayansa na sheƙi. In kin ga sun lanƙwashe sun manne da juna, ko cikin ya fashe, ko ido ya faɗa ciki, ki wuce. In ya narke ki danna da yatsa, in wurin bai taso ba, ba naki ba ne. Na kan tire da ya wuni a rana har la'asar kuwa, ko kyauta aka ba ki ki ce kin gode.

Hajiya Babba:

Ikon Allah. Mu da muka haifi tara muna cin bandar Baga da tarwaɗa ba mu san wata zaiba ba. 'Yata, ki ci kifinki. Amma tunda ana maganar guba, ni busasshen kifi na fi tsoro yanzu, don akwai marasa tsoron Allah da ke fesa masa maganin ƙwari kada ya yi tsutsa. In kin ga tulin banda a kasuwa ko ƙuda ɗaya ba ya sauka a kai, ki yi gaba. Wanda kika saya kuma ki jiƙa shi a ruwan zafi ki wanke sosai. Ita kuma yayarki ki ce mata ta rage tura wa mai ciki abin firgita.

Malamin Kimiyya:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki dutse. Na manta da kirefish, wato busasshen ƙaramin jatan lande. Jatan lande da danginsa suna cikin masu ƙarancin zaiba a duk abincin teku. Ƙarfen da matar ke nufi kadmiyam ne, yana taruwa a kan jatan lande da kuma a cikin ƙoƙon ƙaguwa, wurin naman nan mai ruwan ƙasa. Hukumar abinci ta Sifen ta taɓa jan kunnen mutanenta su rage tsotsar kan, don su al'adarsu ce, faranti guda suke tasawa a gaba. Cokali ɗaya ko biyu a tukunyar da gida duka zai ci ba wannan ba ne.

Abin da Alhaji Mai Ɗakin Sanyi ya faɗa kuma yana da suna. Titus da tuna, in suka ɗumama, ƙwayoyin cuta na samar da wani sinadari a namansu da ake kira histamin. Suya ba ta kashe shi, tafasa ba ta kashe shi, sake daskarewa ma haka. Alamarsa: kifin ya yi yaji-yaji a harshe ba tare da barkono ba, cikin minti kaɗan zuwa awa guda fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya hau ƙaiƙayi, wani har da gudawa. Da yawa daga masu cewa titus ba ya karɓar su, wannan ne ya same su.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wallahi har na ji yunwa ta taso. Sai dai maganar Alhaji ta sa na je na buɗe firiza. Satin da ya wuce taransifomarmu ta yi kwana biyu a lalace, kuma na tuna sai da na goge ruwa a ƙasan firizar. Yanzu na duba, na saman sun lanƙwashe, ledar ƙasa kuma akwai jan ƙanƙara a ciki. Baban Ilham ya ce asara ce a zubar, a soya su ƙurmus shi zai cinye. Na karanta masa abin da Malam ya rubuta a kan suya, ya yi shiru, sannan ya ce to a ba kyanwa. Gobe zan aike shi ya sayo guda uku kawai, na ce ya danna kowanne da yatsa kafin ya biya. Alhaji, ita kyanwar babu abin da zai same ta?