"Piste" da Hausa: burji ne ko turba?

Ɗan Rediyo, Njamena: Salamu alaikum. Gobe da bakwai na safe zan gabatar da shiri kan tafiyar Faya, can arewacin Chadi, takardar kuwa da Faransanci aka ba ni. "Piste facile" da "tout-terrain" sun tsaya min a wuya. A agaza.

Inna Garwa: Burji mana, ɗana.

Tsohon Direba: A'a Hajiya. Burji an zuba masa jar ƙasa, katafila ta daddale. In ka bar kwalta a Masakori, ka wuce Musoro da Salal ka shiga rairayin Jurab, babu abin da wani ya daddale. Sawun motar da ta riga ka kake bi, in iska ta taso da dare, da safe sawun ma babu. Kusan kilomita 1000 ne daga nan zuwa Faya. "Facile" ɗin nan kuma kada ka ce mai sauƙi, wani zai ji ya ɗauko ƙaramar motarsa. Nufinsu ƙasa mai tauri, inda ba sai ka rage iskar taya ba. Mu kan fita da asuba, yashi na da sanyi, ya fi ɗaukar mota.

Ɗan Rediyo: Baba, to turba?

Tsohon Direba: Ta fi kusa. Motar "tout-terrain" kuma kat-kat, kowa ya sani.

Malamin Hausa: Kat-kat kuma? A rediyo? Faransanci ne aka tauna aka tofar. Na daɗe ina cewa a kira ta "ci-rairayi". Gininta ɗaya da "faɗa-wuta".

Ɗan Kuseri: Malam, mota fa? Taya, giya, kwalta? Na Turancin Ingila sun zama Hausa don Kano ta karɓa, namu na Faransa ne haramun?

Malamin Hausa: Waɗancan sun shiga ƙamus.

Ɗan Kuseri: Ƙamus bai taɓa kafewa a yashi ba. Kullum a ce Hausarmu ta gauraya da Larabci da Fillanci, amma da ita muke ciniki a kasuwa.

Inna Garwa: Ni ci-rairayi ta yi min kama da cutar awaki.

Malamin Hausa: A yi dariya. Haka ake wa kowace sabuwar kalma.

Tsohon Direba: Malam, motar da ta ci rairayi ai ita ce ta nutse. Sai shebur da faranti a ƙarƙashin taya, fasinja na turi. Wadda muke so bisa take bi.

Ɗan Rediyo: Jama'a, sha ɗaya ta wuce. Na rubuta "turbar sahara mai ƙasa mai tauri". Motar zan ce kat-kat, in ƙara da "mai jan ƙafa huɗu" sau ɗaya.

Malamin Hausa: Turba na yarda. Ɗayar ka faɗa da bakinka, kada ka ce da ni aka yi.

Ɗan Kuseri: "Tout-terrain" ɗin fa, in irin tuƙin ake nufi ba motar ba? Ba wanda ya taɓa ta.

Ɗan Rediyo: Na tsallake layin.