Don Allah me za mu kira wannan macijin na Amurka?

Hadiza: Assalamu alaikum. Gobe ƙarfe 10 na safe za mu naɗi wani shirin rediyo kan masu yawon daji da hawan duwatsu a jihar Arizona, da abin da ake yi idan macijin da suke kira rattlesnake ya ciji mutum nesa da asibiti. Sunansa ya fito fiye da sau goma a rubutun. Na sa "maciji mai ƙararrawa", amma bai kwanta mini ba. A taimaka.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Hajiya, tun kafin a kai ga suna, maciji ba ya cizo a Hausa, sara yake yi. Kare ne ke cizo. Ƙararrawa kuma ƙarfe ce. Abin da ke wutsiyar wannan busassun ɓawo ne irin na farce, masu shiga cikin juna, duk sanda ya yi saɓa sai a samu ƙarin guda. Ni na daɗe da raɗa masa suna: kaɗa-bindi. Ginin Hausa ne tsantsa, kamar hana-salla.

Bashir: Malam, ai kare ma yana kaɗa bindi.

Hadiza: Na gyara "sara", na gode Malam.

'Yar Damagaram: Mu nan Nijar serpent à sonnette muka koya a lakwal, ƙararrawar ce dai. Ni ban ga laifinta ba.

Malam Sani: To kin gani. Bafaranshe ya yi kuskure, mu kuma mu gada?

'Yar Damagaram: Kullum in ba daga Kano kalma ta fito ba sai ku ce ba Hausa ba ce. Mu ba ku taɓa tambayarmu ba.

Malam Sani: Ni Bazazzagi ne, ki daina haɗa ni da Kanawa.

Nas Yakubu: Ni aikin jinya nake a Gombe. Me zai hana a ce kububuwar Amurka? Dangi ne, kuma kububuwa ma in ta fusata goga jikinta take yi, ka ji "ssss" kamar an zuba ruwa a tukunya mai zafi. Duk wanda ya san Kaltungo, garin da ya yi suna da yawan saran maciji a nan jihar Gombe, zai gane irin haɗarin nan take.

Bashir: A'a yallaɓai, nan akwai matsala. Mai sauraro zai ɗauka maciji ɗaya ne, maganinsu ɗaya. Allurar makarin dafin kububuwa daban, CroFab da Anavip da ake amfani da su a Amurka daban. Na can kuma yana da wasu 'yan ramuka tsakanin ido da hanci da yake jin ɗumin jiki da su ko cikin duhu, kububuwa ba ta da su.

Nas Yakubu: Gaskiyarka, na janye. Hajiya, turo mana sashen taimakon gaggawar, shi ne ya fi damuna.

Hadiza: Ga shi: "A janye daga wurin, kada a tsaya neman kashe shi, domin ko kan da aka datse yana iya sara. A cire zobe da agogo kafin kumburi ya hau. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, kada a sa ƙanƙara. A zana iyakar kumburin da biro a rubuta lokaci. A kira 911. In babu sabis, a taka a hankali zuwa inda mota take." Akwai kuma alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka: macizai masu dafi na saran mutum 7,000 zuwa 8,000 a shekara a Amurka, kusan 5 ke mutuwa.

Nas Yakubu: Ki maimaita maganar ɗaurin nan sau biyu. Na sha karɓar ƙafa an shaƙe ta da robar taya tun daga gona, ta yi baƙi ƙirin, ga tsaga an yi da reza jini ya ƙi tsayawa. Wani lokacin kwance ɗaurin ya fi ba mu tsoro.

Malam Sani: Duk wannan daidai ne, amma sunan fa? Kaɗa-bindi gaɓa huɗu ne, ya fi daɗin faɗi a rediyo.

Bashir: In sauti ake bi, caki ya fi kusa. Ƙwarya da tsakuwa a ciki. Maciji mai caki.

'Yar Damagaram: Yaran birni nawa suka san caki? Kacau-kacau dai kowace uwa ta saya wa jaririnta.

Malam Sani: Macijin da ke ruɓar da nama za ki haɗa da kayan wasan jarirai?

Hadiza: Jama'a dare ya yi. A farkon shirin zan ce "maciji mai caki a wutsiya, wanda wasu ke kira mai ƙararrawa", daga nan in ci gaba da "mai caki".

Malam Sani: To. Ba haka na so ba. Ni dai a ajina kaɗa-bindi zan ci gaba da cewa.

Bashir: Allah ya ba da sa'a Hajiya. A gaida karen Malam.