Geji ko agogo: wanne za a gaskata kan man ƙaramin jirgi?

Malamin tuƙi: Jama'a, ina nan kan bakana. Gejin man ƙaramin jirgi maƙaryaci ne, ba ya faɗin gaskiya sai tanki ya bushe. Abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne: ka hau fiffike, ka buɗe murfin tankin da ke cikinsa, ka tsoma sandar awo, ka ga mai da idonka. Daga nan sai agogo. Ƙaramin jirgi samfurin Cessna 172S tana ɗaukar galan 56, amma 53 kaɗai inji ke iya sha. In tana cin kusan galan 9 a awa, lissafi ya fito, ba ruwanka da allura.

Makaniki: Malam, a kan sandar awo ina bayanka. Amma zancen "sai ya bushe" juya shi aka yi. Tsohuwar ƙa'idar FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, cewa ta yi a saita geji ya nuna sifili daidai lokacin da man da inji ke iya sha ya ƙare. Wurin saiti aka faɗa, ba lasisin ƙarya aka ba shi ba. Gejin da ke nuna rabi alhali tanki cike yake lalatacce ne, ku kawo mana mu gyara. Abin da ke ƙona min rai shi ne matuƙa sun saba da lalacewar har sun daina kai rahoto.

Malamin tuƙi: Injiniya, ko sabon geji ne, iska na girgiza jirgi allura za ta yi ta rawa. Agogo ba ya rawa.

Tsohon matuƙi: Ba ya rawa, amma kuma bai san yoyo ba. Ni ganau ne. Wata rana na tashi da tankuna cike, na auna da hannuna, ashe murfin hagu bai kama da kyau ba. Matsin iska a saman fiffike bai kai na ƙasansa ba, sai ya riƙa zuƙo mai waje, kuma jirgin fiffikensa a sama yake, ba na ganin wurin. Agogo na ce min ina da sauran awa uku, allurar hagu kuwa sai gangarowa take yi. Da farko na ce halinta ne. Da na ga ba ta tsaya ba, na juya na sauka a fili mafi kusa. Shuɗin mai ya yi zane a bayan fiffike har gefensa. Da agogo kaɗai na bi, wallahi da yanzu wani labarin ake yi.

Makaniki: Allah ya kiyaye, Kaftin. Sai dai a sani, jiragen da tankinsu jakar roba ce, zuƙon kan iya tattaro jakar sama ta ɗaga abin awon, geji ya nuna akwai mai alhali yana tsiyayewa. Allurar da ta ƙi motsi awa guda ita ma abin zargi ce.

Ɗaliba: Ku yi haƙuri, ni ƙarama ce a cikinku, amma ina ga duk kuna magana ne kan ƙarewar mai. Inji fa yana mutuwa da mai a jirgi. Piper PA-28 da nake koyo da ita ba ta shan tanki biyu lokaci guda kamar Cessna 172, sai dai hagu ko dama. In na manta ban sauya ba, ɗaya ya ƙafe, inji zai tsaya ɗayan na nan da mansa.

Tsohon matuƙi: Kin taɓo inda ya fi ciwo, 'yata. Ki duba haɗarin mawaƙin Amurka John Denver a 1997, a gaɓar Monterey ta Kalifoniya. Jirginsa Long-EZ ne, wanda ya haɗa shi ya sa maɓallin sauya tanki a bayan kafaɗar hagu ta matuƙi. Ya tashi da mai kaɗan, kuma masu bincike na NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, sun ce juyawar da ya yi don kamo maɓallin ce ta sa ya taka fedar da ke karkata jirgi dama, jirgi ya ƙwace masa.

Malamin tuƙi: To ai maganata ke nan, da ya cika tanki a ƙasa ba a zo nan ba. Dokar Amurka ta ce mai tuƙi da gani, wato da abin da idonsa ke hangowa a waje, ya tanadi rarar minti 30 da rana, 45 da dare. Ni ɗalibina da awa guda zai sauka. Amma na karɓi gyaran Kaftin: a riƙa gwada geji da agogo, in suka saɓa a ɗauki wanda ya fi muni a sauka.

Makaniki: Kalmar "maƙaryaci" fa, Malam? Ita ce ke sa yaro ya ga allura na faɗuwa ya kau da kai.

Malamin tuƙi: Wannan sai na yi tunani. Shekaru nake faɗinta.

Ɗaliba: Ni dai na sa ƙararrawa duk minti 30: in kunna famfon mai na lantarki, in sauya tanki, in duba matsin mai, in rubuta lokaci. Injiniya, gejin dama na jirginmu kwana biyu yana maƙalewa a cike. Na rubuta shi a littafin gyara yau da safe.