Me za mu kira ƙaryar da babu maƙaryaci a cikinta?

Jama'a, kalma nake nema. Akwai wata irin magana da kusan kowa ya yarda da ita, har malamai kan faɗe ta a aji, amma da zarar an auna sai a tarar ba haka abin yake ba. Raƙumi yana tara ruwa a tozonsa. Jemage makaho ne. Ɗan Adam kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwarsa kaɗai yake aiki da shi. Ana hango Babbar Ganuwar Sin daga duniyar wata. Babu na gaskiya ko ɗaya a ciki. Tozo kitse ne. Jemage yana gani. Na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ba su gano wani sashe da ke zaman kashe wando ba. Shi kuwa Yang Liwei, ɗan sama jannatin Sin na farko, da ya sauko a 2003 cewa ya yi bai ga ganuwar ba, alhali tazararsa da ƙasa ba ta kai kilomita 400 ba, ina ga wata mai nisan kilomita 384,000.

To, wannan nau'in magana, mene ne sunansa da Hausa?

Kada wani ya ɗauka Turawa sun gama da nasu. Kalmomi suke da su birjik, kowace da raunin da take ɗingishi da shi. Wadda aka fi ji ita ce "myth", daga Girkanci, kuma aiki biyu take yi: tana nufin labaran gumaka da asalin halitta irin na mutanen da, tana kuma nufin abin da jama'a suka yarda da shi bisa kuskure. Wannan tagwayen aiki shi ne ya jefa masu fassara cikin rami. Mutum ya buɗe ƙamus, ya ga ma'anar farko, ya rubuta "tatsuniya", ya wuce abinsa. Sai kuma "misconception", wadda ta fi tsabta, amma tana iya zama ta mutum guda a cikin kansa, shi ya sa sai sun jingina mata "common" ko "popular" kafin ta nuna abin ya game gari. Suna da "old wives' tale", wato zancen tsofaffin mata, kalmar da makamanciyarta ke cikin fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611. Ita wannan ko kyauta aka ba mu ba ma so, don ta ɗora wa tsofaffin mata laifin da farfesoshi ma suna da kaso a ciki.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce "factoid". Marubucin Amurka Norman Mailer ne ya ƙirƙiro ta a 1973, da nufin maganar da ba ta da samuwa sai ranar da jarida ta buga ta, daga nan kowa ya ɗauka gaskiya ce. Yau akasarin masu jin Turanci sun ɗauka ma'anarta ƙaramar gaskiya mai ban sha'awa. Kalmar da aka yi don kama kuskure, kuskure ya kama ta.

Tsohon sunan da ya fi dacewa a wurinsu shi ne "vulgar errors", laƙabin da aka yi wa littafin likitan Ingila Thomas Browne na 1646, inda ya bi irin waɗannan zantuka ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa, har da cewa giwa ba ta da gaɓoɓi a ƙafafunta. A wancan zamani "vulgar" na nufin na gama-garin mutane. Yanzu ta koma nufin batsa da rashin kunya, sai sunan ya mutu.

Mu dawo gida. Kafin a kawo kalma, mu yarda da siffar abin tukuna. Ya yaɗu. Ba daidai ba ne. Ana iya gwada shi a gane. Sannan babbar siffar, wadda yawancin kalmominmu ke tuntuɓe a kanta: mai faɗar sa ba yaudara yake yi ba, har zuciyarsa ya yarda.

Ku dubi taswirar harshe da aka daɗe ana zanawa a littattafan firamare a ƙasashe da dama: zaƙi a tsinin harshe, ɗaci a can baya, tsami da gishiri a gefe. A 1901 wani Bajamushe mai bincike, David Hänig, ya gano cewa wasu sassan harshe sun ɗan fi wasu saurin jin wani ɗanɗano, bambanci ɗan ƙanƙani. A 1942 Edwin Boring na Jami'ar Harvard ya sake zana sakamakon ta hanyar da bambancin ya yi kama da babba. Masu rubuta littattafan makaranta suka ɗauka, suka ja layi, suka shafa launi. Malami ya koyar, ɗalibi ya haddace, aka ba shi maki. Alhali duk wanda ya ɗora ƙwayar gishiri a tsinin harshensa zai ji gishiri nan take. A wannan doguwar sarƙa, nuna mini maƙaryaci. Babu. Shi ya sa "ƙarya" ba za ta yi ba, haka "ƙage", haka "labarin bogi". Duk suna nuna wani da yatsa.

"Tatsuniya" fa? Ita ce aka fi yi wa wannan dole, kuma ita ce ta fi nisa. Tatsuniya ba ta taɓa neman a yarda da ita ba. Tun daga "ga ta nan ga ta nan ku" an san an shiga duniyar Gizo, a ƙarshe kuma mai bayarwa da bakinsa yake cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Abin da ke tona kansa tun daga bakin ƙofa ba zai zama sunan abin da ke shigowa da rigar ilimi ba. "Almara" ma 'yar gidansu ce.

Wata baiwar Allah ta rubuto cewa ai "camfi" ta wadatar. Hajiya, na ji dalilinki, kuma a wasu wurare kin yi daidai. Amma camfi yana da ƙirarsa: in ka yi kaza, kaza zai same ka, ba tare da wata alaƙa da hankali zai kama ba. Tsoron lamba 13 da ya sa wasu dogayen gine-gine a Amurka ke tsallake hawa na 13 a lissafi, wannan camfi ne, kuma shi ne Turawa ke kira "superstition". Wanda ya ce Napoleon, sarkin Faransa, gajere ne kuwa ba tsoron komai yake ba. Awo ne ya rikice. Da ya mutu a 1821 an rubuta tsawonsa ƙafa 5 da inci 2, amma da ma'aunin Faransa na lokacin, wanda incinsa ya fi na Ingila tsawo. A ma'aunin yau wajen santimita 168 ke nan, tsawon namiji matsakaici a zamaninsa. Masu zanen barkwanci na Ingila irin su James Gillray suka ƙara gishiri, suna zana shi ɗan firit cikin ƙaton takalmi. Ina camfi a nan?

"Jita-jita" ta fi kusa, kuma a kanta nake son mu ɗan zauna. Hausa tana da wata ƙaramar kalma mai babban aiki, "wai". Duk mai yaɗa jita-jita da ita yake kāre kansa: wai an ce, wai an gani. Yana faɗa yana janye jiki. Abin da muke nema wa suna kuwa ya wuce wannan matakin. Ya daɗe yana yawo har "wai" ɗinsa ya faɗi a hanya. Ba wanda ke cewa wai raƙumi na tara ruwa a tozo. Kai tsaye ake faɗa, da muryar wanda ya sani. Jita-jita kuma gajeren rai gare ta, ta mako ce ko ta wata, tana bin wani abu da ya faru. Wannan kuwa kaka ya bar wa jika.

Haka "shaci-faɗi", "zuƙi-ta-malle" da "ƙanzon kurege": kalmomi masu daɗi a baki, amma kowace tana ɗauke da raini. Shaci-faɗi na mutumin da ya buɗe baki ba tare da ya bincika ba ne, ba na al'umma ba. Ƙanzon kurege kuwa zan ajiye shi don wani aiki. Turawa suna da "urban legend", kalmar da masanin adabin baka Jan Harold Brunvand ya yayata tun daga 1981, wato labari mai jan hankali da ake cewa ya faru da abokin wani aboki, wanda ba a taɓa samun mutumin. Wannan ai ƙanzon kurege ne na zamani, ba sai mun wahala ba.

Saura "gurguwar fahimta", wadda 'yan jarida suka saba da ita. Ba ni da faɗa da ita, ita ce "misconception" sak idan ba a jingina mata komai ba. Sai dai kullum tana neman abin da aka yi wa: gurguwar fahimtar addini, gurguwar fahimtar doka. Akwai abu na gaskiya a gaba, wani ya karkace wajen gane shi. Amma batun kashi 10 na ƙwaƙwalwa ba wani abu aka fahimta a karkace ba, magana ce sukutum da aka karɓa a naɗe. Kuma ba ta nuna yaɗuwa.

Ga abin da na tsaya a kai: shahararren kuskure. Jam'i, shahararrun kurakurai.

"Kuskure" ta sauke wa mai magana laifin ƙarya, ta kuma bar ƙofar gyara a buɗe, domin kuskure abin gyarawa ne. "Shahara" kuma ita ce ainihin injin abin. A 1977 masaniyar halayyar ɗan Adam Lynn Hasher da abokan aikinta sun yi gwaji a Amurka: suka karanta wa ɗalibai jerin maganganu, wasu gaskiya wasu ƙarya, a zama uku da tazarar mako biyu-biyu, suna maimaita wasu daga ciki. Waɗanda aka maimaita sai ɗaliban suka riƙa ƙara yarda da su, ko da ba gaskiya ba ne. Yawan ji shi ke sa abu ya zauna a kunne har ya yi kama da sani.

Ba kuma baƙon tunani ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malamai. Malaman hadisi sun daɗe da raba shahara da inganci. Imam Sakhawi, wanda ya rasu a 902 bayan Hijira, ya yi littafi guda a kan maganganun da suka shahara a bakunan mutane a matsayin hadisai, Ajluni ma ya biyo shi da nasa. Wasu su ce wannan ya inganta, wasu su ce wannan ba shi da asali. Ke nan kunnen Bahaushe ya riga ya san abu kan shahara ba tare da ya tabbata ba.

Wani ɗan'uwa ya ce "shahararre" yabo ne, kamar shahararren malami, yaya za a yaba wa kuskure? Malam, ai muna cewa shahararren ɗan fashi, ba wanda ya ɗauka kirari aka yi masa. Wani kuma ya fi son "kuskuren gama-gari". Wannan ya yi kusa ƙwarai, na ma daɗe ina juya shi. Abin da ya hana ni shi ne ana iya ɗaukar sa da nufin kuskuren da kowa ke yi a aikace, kamar mantuwa da ƙugiyar ƙ wajen rubutu. Namu kuskure ne da ake yarda da shi, ba wanda ake aikatawa ba.

Mu gwada a jimla, don kalmar da ba ta zauna a jimla ba ta mutu tun a haihuwa. "Shahararrun kurakurai biyar game da ciwon suga." Ya zauna. "Cewa jan launi ne ke fusata bijimi shahararren kuskure ne, motsin ƙyallen da ake kaɗa masa yake bi." Ya zauna. A hira kuwa, inda ba a son doguwar magana, ina jin daɗin "kowa-ya-sani", a ƙirar su ka-ce-na-ce da faɗi-tashi: "Rabu da shi, wannan kowa-ya-sani ne, ba bincike ba." Da ɗan zolaya a ciki, don haka ban ba da shawarar a kai ta takardar asibiti ba.

Takardun asibitin nan ma su ne suka fi damu na. Galibi daga Turanci ake fassaro su, da jeri biyu, "myth" a hagu, "fact" a dama. Sai ka ga an rubuta "Tatsuniya" a saman maganar da mai karatu ya ji daga bakin mahaifiyarsa, misali cewa maganin kashe ƙwayoyin bakteriya yana warkar da mura, alhali bairos ne ke kawo mura kuma wannan magani ba ya taɓa shi. Mutumin da ka ce wa abin da ya yarda da shi tatsuniya ne, ka ce masa yaro ne, kuma ba zai karanta jeri na biyu ba. A irin wannan wuri ko "kuskure" ma sai in ce a ɗaga ƙafa. A rubuta "Abin da ake faɗa" a hagu, "Abin da bincike ya nuna" a dama.

Har yanzu "factoid" irin ta Mailer ba ta sami suna ba, wato maganar da jarida ko intanet ta haifa da kanta sannan kowa ya shiga kafa hujja da ita. An kawo "gaskiyar bogi", amma bogi ya sake dawo mana da mayaudari, alhali sau da yawa ɗan jaridar ma kwafowa ya yi daga wani da ya kwafo. Masu aiki a ɗakin labarai, ku da kuke ganin abin yana faruwa a gabanku, me kuke ce masa a tsakaninku?